Yadda Za Ka Zaɓi Fannin Digirin Farko Kafin Neman Gurbi a Makarantar Likitanci ta Amurka

A Amurka ba a shiga karatun likita kai tsaye daga sakandare kamar yadda ake yi a ƙasashe da dama. Sai ɗalibi ya fara yin digirin farko, wanda yawanci shekara huɗu ne, sannan ya nemi gurbi a makarantar likitanci, inda zai ƙara wasu shekaru huɗu kafin a kira shi likita, daga nan kuma ya shiga horon ƙwarewa a asibiti na shekara uku zuwa bakwai gwargwadon ɓangaren da ya zaɓa. Tsarin ya samo asali ne tun 1893, lokacin da makarantar likitanci ta Johns Hopkins da ke Baltimore ta buɗe ƙofarta da sharaɗin cewa duk mai neman shiga sai ya zo da digiri, sannan rahoton da Abraham Flexner ya fitar a 1910 ya sa sauran makarantu suka riƙa neman ɗalibi ya yi kimiyya a jami'a kafin su karɓe shi. Saboda haka duk wanda ya ƙudiri aniyar zama likita a can, tambayar da za ta fara tare shi ita ce wane fanni zai karanta a waɗannan shekaru huɗu na farko.

Amsar a taƙaice ita ce makarantun likitanci ba su ɗaura wa kowa wani fanni ba. Mai digirin tarihi da mai digirin bayoloji takarda iri ɗaya suke cikewa, jarrabawa ɗaya suke zaunawa, kwamiti ɗaya ne kuma yake duba su. Abin da jami'o'i suke kira share fagen likitanci, a mafi yawansu, jerin kwasa-kwasai ne da ofishin ba da shawara, kuma ana iya ɗora shi a kan kowane digiri. Wannan 'yanci yana da daɗin ji, amma shi ne yake rikita ɗalibai, domin wasu sukan ɗauka cewa tunda babu tilas to babu lissafi. Akwai lissafi, kuma da takarda da alƙalami ake yin sa, tun kafin a je ofishin rajista.

Fara da kwasa-kwasan da babu makawa sai ka yi su

Kafin ka yi tunanin sunan da za a rubuta a kan takardar digirinka, rubuta abin da makarantun suke nema daga kowa. Mafi yawansu suna son shekara ɗaya ta bayoloji, shekara ɗaya ta kemistri na gama-gari, zango ɗaya ko biyu na oganik kemistri, da shekara ɗaya ta fiziks, dukkansu tare da aikin ɗakin gwaje-gwaje. A kan waɗannan sai a ƙara zango ɗaya na bayokemistri, da shekara ɗaya ta Ingilishi ko wani kwas mai yawan rubutu, da lissafi, wanda a wasu makarantu kalkulas ne, a wasu kuma ƙididdiga. Ilimin halayyar ɗan Adam da ilimin zamantakewa ba kowace makaranta ce ta wajabta su ba, sai dai jarrabawar shiga tana tambaya a kansu, don haka barin su ganganci ne. Wasu makarantu sun daina lissafa kwasa-kwasai da suna, sun koma cewa ɗalibi ya nuna ya ƙware a waɗannan ilimomi ta kowace hanya, amma tunda ba makaranta ɗaya za ka nema ba, abin da ya fi aminci shi ne ka cika sharaɗin wadda ta fi tsanani a cikin jerinka. Ƙungiyar kwalejojin likitanci ta Amurka, wato AAMC, tana da rumbun bayanai mai suna MSAR wanda ya tattara sharuɗɗan kowace makarantar da ke ba da digirin likita na MD, kuma a nan ne za ka ga ko makaranta tana karɓar kwas da aka yi ta intanet, ko wanda aka yi a kwalejin al'umma ta shekara biyu, ko kiredit ɗin AP, wato na kwasa-kwasan matakin jami'a da ɗalibi ya yi tun yana sakandare.

A cikin wannan jeri akwai sarƙa guda wadda ita ce take juya komai, ita ce sarƙar kemistri. Ba a shiga oganik kemistri sai an gama zango biyu na kemistri na gama-gari, kuma ba a shiga bayokemistri sai an yi oganik, a jami'o'i da yawa ma sai an gama zangonsa biyu. Ke nan zango biyar ne a jere, kowane yana jiran na gabansa. Yanzu ka haɗa wannan da kalandar neman gurbi. Wanda yake son shiga makarantar likitanci da zarar ya kammala digiri, ba tare da hutun shekara ba, dole ya miƙa takardunsa a ƙarshen shekararsa ta uku, domin manhajar AMCAS, wadda ta cikinta ake miƙa takardun neman gurbi a mafi yawan makarantun MD, tana buɗewa a watan Mayu, ana fara miƙa takardu a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma makarantu da yawa suna duba masu nema ne bi da bi suna raba gurabe, ta yadda wanda ya makara zai tarar kujerun sun ragu. Sakamakon jarrabawar shiga makarantar likitanci, wato MCAT, yana ɗaukar kimanin wata guda kafin ya fito, saboda haka a zango na shida ya kamata a zauna ta. Idan ka fara kemistri a zangonka na farko, za ka gama bayokemistri a na biyar, ka sami na shida don shiri. Idan kuwa ka jinkirta shi zuwa shekara ta biyu, sarƙar ba za ta ƙare ba sai a zango na bakwai, sai dai in ka cike giɓin da karatun hutun bazara, ko ka amince da ƙarin shekara.

Tun ran gini ran zane. Ɗauki takarda ka ja layi takwas, layi ɗaya ga kowane zango, ka fara jera sarƙar kemistri, sannan bayoloji da fiziks da lissafi, sannan kwasa-kwasan da jami'a ta wajabta wa kowane ɗalibi. Digiri yawanci kiredit 120 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas), wato kusan 15 a kowane zango. Gurbin da ya rage bayan wannan jeri shi ne ainihin filin da fanninka zai zauna a ciki. Sai ka ɗauko tsarin kowane fanni da kake sha'awa daga littafin jami'a ka gwada cusa shi a wannan fili. Za ka ga wasu sun shiga cikin sauƙi, wasu sun shiga da ƙyar, wasu kuma sun ƙi shiga sam sai an haɗa kwas uku masu ɗakin gwaje-gwaje a zango ɗaya. Wannan gwaji na awa biyu ya fi duk wata shawara da za ka ji daga bakin abokai, domin da tsarin jami'arka aka yi shi, kuma da lokacinka. Jami'o'in Amurka da yawa ba sa tilasta wa ɗalibi bayyana fanninsa sai wajen ƙarshen shekara ta biyu, don haka kana da damar ɗanɗana fanni biyu ko uku, muddin kemistri yana tafiya a gefe tun daga ranar farko.

Yadda ake ƙidaya maki, da abin da hakan yake nufi ga zaɓinka

A 'yan shekarun nan mutum sama da 50,000 ne suke neman shiga makarantun MD kowace shekara, waɗanda suke samun shiga kuma kusan 23,000 ne, wato kimanin huɗu cikin kowane goma. Matsakaicin makin digiri na waɗanda aka ɗauka yana kusan 3.8 ne a ma'aunin da ƙarshensa 4.0, matsakaicin makinsu na MCAT kuwa yana kusan 512. Waɗannan alƙaluma sun isa su nuna cewa maki ba abin wasa ba ne, kuma kwamitin ɗaukar ɗalibai, wanda yake da dubban takardu a gabansa, ba shi da lokacin da zai zauna ya yi wa kowa rangwame saboda fanninsa ya fi wuya. Mai karanta takarda zai iya lura cewa injiniyanci yana da nauyi, amma 3.2 a injiniyanci ba ya komawa 3.8 don an tausaya masa.

AMCAS ba maki ɗaya take lissafawa ba. Tana ware makin kimiyya, wanda ya ƙunshi bayoloji da kemistri da fiziks da lissafi, tana ware na sauran kwasa-kwasai, sannan ta haɗa jimla. Abin da kwas ya ƙunsa ake dubawa wajen rarraba shi, ba sunan sashen da ya koyar da shi ba, kuma a bisa ƙa'ida ilimin halayyar ɗan Adam da kwasa-kwasan injiniyanci ba sa shiga lissafin kimiyya. Idan ka faɗi kwas ka sake shi, duka makin biyu za su shiga lissafi ko da jami'arka ta goge na farko daga takardarta. Manhajar AACOMAS ta makarantun da ke ba da digirin DO, wato ɗaya nau'in digirin likita a Amurka, ta daɗe tana maye tsohon maki da sabo, amma ta daina a 2017, kuma ita ba ta saka lissafi cikin makin kimiyya.

Akwai wani abu a nan da masu zaɓar fannin da ba na kimiyya ba suke yawan mantawa da shi. A ɗauka ɗalibin tarihi ya yi kiredit 40 kacal na kimiyya, ya ci A a komai sai kwas ɗaya mai kiredit huɗu da ya sami C. Makinsa na kimiyya zai sauko zuwa 3.80. Ɗalibin bayoloji da ya yi kiredit 80, da irin wannan tuntuɓe guda, zai tsaya a 3.90, kuma yana da manyan kwasa-kwasai a shekara ta uku da ta huɗu da zai nuna da su cewa ya farfaɗo. Ma'ana, wanda ya taƙaita kimiyyarsa ga abin da aka wajabta kawai, kowane kwas nasa yana da nauyi biyu. Idan ka bi wannan hanya, ka ware wuri a jadawalinka don kwas biyu ko uku na kimiyya mai zurfi, kamar ilimin aikin gaɓoɓin jiki, ko ilimin gadon halitta, ko ilimin ƙwayoyin cuta, domin su ne za su shaida cewa za ka iya ɗaukar nauyin shekarar farko ta makarantar likitanci.

Kada alƙaluman karɓa su ruɗe ka

AAMC tana wallafa jadawali kowace shekara da ke nuna masu nema da waɗanda aka ɗauka bisa fannin digirinsu. Fiye da rabin masu nema daga kimiyyar halittu suke fitowa. Masu fannonin adabi da tarihi da falsafa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, amma kason da ake ɗauka daga cikinsu yakan ɗara na 'yan bayoloji, haka ma na masu lissafi da ƙididdiga, yayin da masu digirin kimiyyar lafiya ta musamman sukan kasance a ƙasan jadawalin. Mutane da yawa suna ganin wannan sai su yanke hukuncin cewa falsafa ita ce gajeriyar hanya. A ganina wannan karatun baibai ne. Ɗalibin falsafa da ya kai ga miƙa takardar neman likitanci ya riga ya tsallake oganik kemistri da fiziks a kan karatun fanninsa, kuma waɗanda abin ya fi ƙarfinsu sun janye tun a hanya ba su shiga ƙidaya ba. Ɗalibin bayoloji kuwa, ko makinsa bai kai ba, yakan gwada sa'arsa tunda kwasa-kwasan sun riga sun cika masa. Abin da jadawalin yake nunawa shi ne irin mutanen da suka rage a kowane rukuni, kuma canza sunan digirinka ba zai mayar da kai ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da za a iya ɗauka daga alƙaluman da gaskiya shi ne cewa fannin da ba na kimiyya ba bai zama cikas ba. Makarantar likitanci ta Mount Sinai da ke New York ta gwada wannan tun 1987, lokacin da ta buɗe wani shiri na ɗaukar ɗaliban adabi da ilimin zamantakewa tun suna shekara ta biyu a jami'a, ba tare da sun zauna MCAT ba. Binciken da makarantar ta wallafa a 2010 ya nuna cewa waɗannan ɗalibai sun yi kafaɗa da kafaɗa da sauran a aikin asibiti, ko da yake makinsu a matakin farko na jarrabawar lasisi ya ɗan yi ƙasa. A 2013 aka faɗaɗa shirin zuwa kowane fanni da sunan FlexMed.

Abin da jarrabawar MCAT take nema

An sake fasalin MCAT a 2015, kuma yanzu sassa huɗu gare ta, da tambayoyi 230, ana shafe kimanin awa bakwai da rabi a zaune, babu na'urar lissafi. Sashe ɗaya na kemistri da fiziks ne, ɗaya na bayoloji da bayokemistri, ɗaya na halayyar ɗan Adam da zamantakewa, na huɗu kuma, wanda ake kira CARS, karatu ne da fahimta zalla, inda ake kawo nassoshi daga falsafa da tarihi da adabi da makamantansu a tambayi ɗalibi abin da marubuci yake nufi da inda hujjarsa ta yi rauni. Kowane sashe ana ba shi maki daga 118 zuwa 132, jimla daga 472 zuwa 528. Ba a yarda mutum ya zauna ta fiye da sau uku a shekara ɗaya ba, ko sau bakwai a tsawon rayuwa, kuma makarantu suna ganin duk sakamakon.

Idan ka dubi waɗannan sassa za ka ga babu fannin da ya rufe su duka. Ɗalibin bayokemistri yana da rinjaye a sassa biyu, amma sau da yawa CARS ce take kayar da shi, domin ba a haddace ta, kuma ba a gyara ta da karatun wata biyu. Ƙwarewa ce da take taruwa daga shekaru na karanta rubutu mai wuya da yin muhawara a kansa. Ɗalibin adabi kuwa nan ne gidansa, amma zai sha aiki a fiziks. Don haka ko wane fanni ka zaɓa, ka yi amfani da kwasa-kwasan zaɓi wajen toshe ɓangaren da fannin ya bari a buɗe. Wanda yake da niyyar neman makarantun Kanada ma ya ƙara kula da wannan, domin Jami'ar McMaster, alal misali, makin CARS kaɗai take dubawa daga cikin jarrabawar.

Duba fannonin ɗaya bayan ɗaya

Bayoloji da 'yan uwansa, irin su bayokemistri da ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, su ne hanya mafi sauƙin tsari, domin kusan duk abin da makarantun likitanci suke nema yana cikin digirin, malaman da za su rubuta maka wasiƙar shaida suna kusa, ƙofar ɗakunan bincike kuma a buɗe take. Wanda yake son wannan ilimi da gaske kada ya guje shi don tsoron cewa kowa shi yake yi. Babu kwamitin da yake rage wa mutum daraja saboda ya karanta bayoloji. Wanda kuma yake hangen digirin haɗaka na MD da PhD, wanda yakan ɗauki kimanin shekara takwas kuma bincike ne ginshiƙinsa, zai fi samun sauƙi a fannin da zai zaunar da shi a ɗakin gwaje-gwaje tun da wuri. Raunin bayoloji yana bayyana ne idan likitanci bai yiwu ba, domin digirin farko a cikinsa shi kaɗai bai cika buɗe ƙofofin aiki masu yawa ba sai an ƙara wani karatu.

Injiniyanci akasin haka ne. Yana ba da sana'a a hannu tun ranar kammalawa, yana koyar da warware matsala da lissafi, amma jadawalinsa a cike yake, kwasa-kwasansa suna da tasu sarƙar, kuma ƙara oganik kemistri da bayokemistri a kansa yakan kai ɗalibi ga zango mai kiredit 18 ko shekara ta biyar. Injiniyancin kayan aikin likita ya fi sauran kusanci da sharuɗɗan, duk da haka sai ka gwada shi a takardar nan mai layi takwas kafin ka sa hannu.

Aikin jinya yana buƙatar taka-tsantsan na musamman, domin ɗalibai da yawa suna ɗaukarsa a matsayin matakala zuwa likitanci. Sana'a ce mai zaman kanta da nata lasisin, kuma kemistri da bayolojin da ake koya wa ɗaliban jinya sau da yawa wasu kwasa-kwasai ne dabam da aka tsara musu, waɗanda makarantun likitanci ba lallai su karɓa a madadin na 'yan kimiyya ba. Ga kuma zagayen asibiti da yake cinye ranakun mako. Wanda ya yi jinya ya yi aiki sannan ya ga yana son likitanci yana da labari mai ƙarfi da zai bayar, amma wanda ya san tun farko likita yake son zama zai yi aiki biyu ne a banza, kuma ya shirya amsa tambayar dalilin da ya sa yake barin sana'ar da bai ko fara ba.

Ilimin halayyar ɗan Adam, da lafiyar al'umma, da tattalin arziƙi, da harsuna, da tarihi, duk suna barin fili isasshe a jadawali, kuma kowannensu yana da abin da zai ba likita. Wanda ya ƙware a Sifaniyanci, misali, zai yi magana kai tsaye da miliyoyin marasa lafiya a Amurka ba tare da tafinta ba. Abin da za ka tanada a nan shi ne alaƙa da malaman kimiyya, domin makarantu da yawa suna neman wasiƙu biyu daga malaman kimiyya da ɗaya daga wani fanni, kuma malamin da ya gan ka cikin ɗalibai ɗari uku a aji ɗaya ba zai iya rubuta komai a kanka ba sai in ka riƙa zuwa ofishinsa ko ka yi aiki a ƙarƙashinsa.

Game da haɗa manyan fannoni biyu kuwa, taura biyu ba ta taunuwa. Kwamitoci ba sa ba da wani ƙarin maki don an ga suna biyu a takarda, kuma lokacin da fanni na biyu zai ci shi ne wanda ya kamata ya tafi ga asibiti. Ƙaramin fanni ya wadatar ga mai sha'awar wani ilimi a gefe.

Lokacin da zai rage maka, da tambayar da za a yi maka

Takardar AMCAS tana da gurabe 15 na ayyukan da ɗalibi ya yi a wajen aji, ana zaɓar uku a yi dogon bayani a kansu, ga kuma maƙalar bayanin kai wadda ba ta wuce haruffa 5,300. Abin da ake son gani a nan shi ne ka zauna da marasa lafiya, ka bi likita ka ga yadda yininsa yake, ka yi aikin sa kai na tsawon lokaci, wataƙila kuma ka taɓa bincike. Duk wannan awanni ne da za a cire daga mako, saboda haka idan kana auna fannoni biyu, ka tambayi ɗaliban shekara ta uku a kowanne awa nawa karatun yake ci musu da gaske. Fannin da zai bar maka yammaci biyu a mako na tsawon shekara uku ya ba ka abin da babu kwas ɗin da zai ba ka.

A ranar ganawa da kwamiti kuma, akwai yiwuwar a tambaye ka dalilin zaɓar fanninka. Gwada amsa wannan tambaya yanzu, da babbar murya, na minti biyu. Idan duk abin da ya fito daga bakinka shi ne cewa an ce maka yana taimakawa wajen samun gurbi, to ba ka sami fanninka ba tukuna. Idan kuwa ka sami kanka kana ba da labarin wata tambaya da ta hana ka barci, ko wani aiki da ka yi fiye da abin da malami ya nema, to ka kusa. Wannan ma'auni yana da alaƙa da maki kai tsaye, domin abin da mutum yake so shi yake karantawa a daren da ya gaji.

Sai kuma tambayar da ba a son ji: idan ba a ɗauke ka ba fa? Fiye da rabin masu nema a kowace shekara ba sa samun gurbi, wasu kuma suna canza ra'ayi da kansu bayan sun ga aikin asibiti da idonsu. Ka rubuta aiki biyu da za ka iya yi da wannan digiri idan aka cire likitanci, ka duba ko za ka iya rayuwa da su. Batun kuɗi ma yana nan, domin matsakaicin bashin da likitocin Amurka masu bashi suke fita da shi ya kai kimanin dala 200,000, don haka fannin da zai ƙara maka shekara ta biyar a digirin farko yana ƙara nauyi ne a kan kayan da suka riga suka yi yawa.

Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa, da wanda ya makara

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da takardar zama ta dindindin, lissafin ya ƙara tsauri. Makarantun da suke karɓar irinsa ba su da yawa, ba ya samun rancen gwamnatin tarayya, wasu makarantu kuma suna neman ya nuna kuɗin shekara ɗaya ko ma na shekaru huɗu kafin ya fara. Mafi yawansu suna son a yi kwasa-kwasan sharaɗi a jami'ar Amurka ko Kanada, kuma AMCAS ba ta tantance takardun sakamakon jami'o'in ƙetare. A nan zaɓin fanni yana da wani tasiri da 'yan ƙasa ba sa tunaninsa. Mai bizar karatu ta F-1 yana da izinin aiki na wata 12 bayan kammalawa, kuma dole aikin ya danganci fannin da ya karanta. Idan fannin yana cikin jerin kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi da gwamnati ta amince da shi, ana iya ƙara masa wata 24. Ke nan ɗalibin bayoloji ko kemistri zai iya yin har shekara uku yana aikin bincike yana sake neman gurbi, yayin da ɗalibin tarihi yake da shekara ɗaya, kuma ba zai iya cike ta da aikin ɗakin gwaje-gwaje ba tunda bai danganci digirinsa ba. Ga irin wannan ɗalibi shawarata ta karkata ga babban fanni na kimiyya, abin da yake ƙauna kuma ya zama ƙaramin fanni, sannan ya tabbatar daga ofishin ɗaliban ƙetare na jami'arsa cewa lambar fannin tana cikin jerin kafin ya yi rajista.

Wanda kuma sha'awar likitanci ta zo masa a shekara ta uku ko bayan ya kammala, ba ya buƙatar rushe digirinsa ya koma farko. Ya ƙarasa fannin da yake ciki da maki mai kyau, sannan ya cike kimiyyar ta shirin bayan digiri, irin wanda kwalejojin Bryn Mawr da Goucher da Jami'ar Columbia suke gudanarwa don masu sauya hanya, wanda yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, ko kuma ya ɗauki kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya a wata jami'a da kuɗinta ya fi sauƙi. Matsakaicin shekarun masu shiga makarantar likitanci a Amurka kusan 24 ne, mafi yawansu kuma sun yi aƙalla shekara ɗaya tsakanin digiri da shiga. Abu ɗaya da zai kiyaye shi ne kada ya zauna MCAT da wuri, domin makarantu da yawa ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu zuwa uku, don haka sai ya gama bayokemistri sannan ya ƙirga baya daga watan Yunin shekarar da zai miƙa takardunsa ya sa ranar jarrabawar.